Maida kwamfuta ta zama rauta mai NAT: tambayoyi da amsoshi

Tun da na fara haɗa tsofaffin kwamfutoci suna min aikin rauta, wato na'urar da ke haɗa netwok na gida da intanet, tambayoyin nan su ne mutane suka fi yi min, wasu ma na amsa su ya fi sau goma, shi yasa na ga gara in tara su wuri ɗaya. Yawancin misalan na Linux ne don shi na fi sani. A duk misalan, katin netwok mai suna enp1s0 shi ne ke kallon waje wajen intanet, enp2s0 kuma shi ke kallon ciki, adireshinsa 192.168.50.1. Naka sunayen za su iya bambanta, ka buga `ip a` ka gani kafin ka kwafi komai.

Wai shi NAT ɗin nan menene takamaimai?

Musanya adireshi ne kawai, ba wani tsafi. Ka ɗauka wayarka tana da 192.168.50.20, wannan adireshin na cikin gida ne, babu wanda ya san shi a intanet, ko da fakitin, wato ƙunshin bayanan da take aikawa, ya fita da shi amsa ba za ta san hanyar dawowa ba. Toh sai rautar ta tsaya a tsakiya, duk fakitin da zai fita sai ta goge adireshin wayar ta sa nata na waje, sannan ta rubuta a wani jadawali cewa wannan hirar ta wane ce. Amsa na dawowa sai ta duba jadawalin, ta mayar da adireshin asali, ta miƙa wa wayar. Wayar ba ta san an yi ba, sabar da ke can ma ba ta sani ba, a ganinta da rautar take magana.

Abin da ya jawo shi ƙarancin adireshi ne. IPv4 bit 32 ne, wato adireshi kusan biliyan 4.3 gaba ɗaya, kuma tun farkon shekarun 1990 masana suka hango ba za su isa ba. A 1994 Kjeld Egevang da Paul Francis suka fitar da RFC 1631, ɗaya daga cikin takardun ƙa'idojin intanet, wanda ya bayyana NAT a matsayin maganin wucin gadi kafin a samu mafita ta dindindin. A Fabrairun 2011 IANA, hukumar da ke raba adireshin intanet, ta raba ragowar manyan rukunan da suka rage mata, kuma har yau wannan maganin na wucin gadin shi ke riƙe da yawancin gidaje da ofisoshin duniya.

Tunda akwai rauta ta kanti me zai sa in wahalar da kaina?

In ta kanti tana biya maka buƙata, ka zauna da ita, ba laifi. Amma akwai lokutan da kwamfuta ta fi: kana son raba netwok biyu a ofis ko ɗakin gwaji, ko intanet ɗinka ta Wi-Fi ko modem na USB take zuwa kana so ka raba wa na'urori masu kebul, ko kana da injinan bogi na cikin kwamfuta (virtual machines) da kake so su fita waje. Ni kuma babban dalilina shi ne gani da ido. A kan kwamfuta kana iya kallon kowane fakiti yana shiga yana fita, abin da ƙaramin akwatin kanti yake ɓoye maka. Wanda ya taɓa haɗa NAT da hannunsa sau ɗaya, wallahi fahimtarsa ta netwok ba ta komawa yadda take a da.

Wace irin kwamfuta ake buƙata, kuma kati ɗaya zai yi?

Tsohuwa ma ta isa, aikin ba shi da nauyi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne hanyoyi biyu, ɗaya ta waje ɗaya ta ciki. In kati ɗaya gare ta sai ka ƙara na USB, ko ka bar Wi-Fi ya zama na waje kebul ya zama na ciki. Ana iya yi da kati ɗaya ta hanyar VLAN, wato raba layi ɗaya ya zama kamar netwok biyu, in suwic ɗinka ya iya, amma ban ba mai koyo shawarar ya fara da nan ba. Sai ka tuna injin nan zai kwana a kunne, don haka in laftof ce ka kashe mata saitin barci idan an rufe murfi, in ba haka ba kowa zai yanke lokaci guda.

Wane adireshi zan ba ɓangaren ciki?

Ka zaɓa daga rukunai uku da RFC 1918 ta ware tun 1996: 10.0.0.0/8, ko 172.16.0.0/12, ko 192.168.0.0/16. Kada ka ƙirƙiri naka daga ka, domin in ka ɗauki adireshin da wani ke da shi a intanet, ranar da za ka nemi shafinsa ba za ka same shi ba, kwamfutarka za ta zaci yana cikin gida.

Sharaɗin da mutane suka fi karyawa kuwa shi ne ɓangarorin biyu su bambanta. In katin waje ya karɓi 192.168.1.x daga modem, kai kuma ka sa ciki ma 192.168.1.x, toh ka rikita injin, bai san ta wane kati zai tura ba. Shi yasa nake son lamba irin 50 wadda ba kasafai ake cin karo da ita ba.

`ip addr add 192.168.50.1/24 dev enp2s0`

Toh umarnin fa, nawa ne?

Abu uku ne kacal, in ka riƙe su a ka ba sai ka haddace komai ba. Na farko ka ba kanel, wato zuciyar Linux, izinin wuce da fakiti daga kati zuwa kati, saboda Linux a yadda yake zuwa baya yi, duk fakitin da ba nasa ba zubar da shi yake:

`sysctl -w net.ipv4.ip_forward=1`

Na biyu dokar musanya adireshin:

`iptables -t nat -A POSTROUTING -o enp1s0 -j MASQUERADE`

Ka lura katin da aka ambata a nan na WAJE ne, wanda fakiti ke fita ta cikinsa. Mutane da yawa na ciki suke sawa sannan su yi ta mamaki.

Na uku, na'urorin ciki su san cewa 192.168.50.1 ce ƙofar fitarsu. Shikenan. Sauran duk gyara ne da tsaro, kuma tsaron ba abin wasa ba ne, ga mafi ƙarancin abin da nake sawa:

`iptables -A FORWARD -i enp2s0 -o enp1s0 -j ACCEPT`
`iptables -A FORWARD -i enp1s0 -o enp2s0 -m conntrack --ctstate RELATED,ESTABLISHED -j ACCEPT`
`iptables -P FORWARD DROP`

Wato na ciki ya fita yadda yake so, na waje kuma ba zai shigo ba sai in amsa ce ga hirar da aka fara daga ciki.

An ce iptables ya tsufa, gaskiya ne?

Ya tsufa kam, tun kanel 2.4 a 2001 yake, shi ya gaji ipchains. Magajinsa nftables ya shigo kanel 3.13 a 2014, kuma daga Debian 10 a 2019 ko ka buga iptables a ƙarƙashi nftables ne ke aikin. Don haka umarnin da ke sama suna aiki. In kana son sabon salon kai tsaye:

`nft add table ip nat`
`nft 'add chain ip nat postrouting { type nat hook postrouting priority 100 ; }'`
`nft add rule ip nat postrouting oifname enp1s0 masquerade`

Shawarata ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, kar ka riƙa zuba dokoki rabi nan rabi can, ranar da matsala ta zo ba za ka san inda za ka duba ba.

Meye bambancin MASQUERADE da SNAT?

Duka biyun adireshin mai aikawa suke canzawa. MASQUERADE yana duba adireshin katin waje da kansa, don haka ya dace da wanda adireshinsa ke canzawa. SNAT kai ne za ka rubuta masa adireshin, kamar `-j SNAT --to-source 203.0.113.5`, ya dace da mai adireshi tsayayye. A ƙaramin netwok ba za ka ji wani bambanci ba.

Dole sai na bi kowace na'ura na sa mata adireshi da hannu?

A'a, sa dnsmasq ka huta. Ƙaramar manhaja ce da Simon Kelley ya rubuta, tana raba adireshi kuma tana amsa tambayoyin DNS, wato fassara sunan shafi zuwa adireshi. Layuka kaɗan a fayil ɗin saitinta sun isa:

`interface=enp2s0`
`bind-interfaces`
`dhcp-range=192.168.50.100,192.168.50.200,12h`

Da kanta za ta gaya wa na'urori cewa injin nan ne ƙofar fita kuma shi ne mai DNS. Layin farkon nan kar ka manta da shi, don Allah, in ka bar ta tana raba adireshi ta katin waje za ka rikita netwok ɗin wasu mutane da ba su ji ba ba su gani ba. Na biyun kuma yana hana ta rigima da systemd-resolved, wata manhajar DNS, a kan fot 53, lambar da DNS ke saurare a kai.

Na yi komai yadda aka ce amma babu intanet a ciki, ina matsalar?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce zuwa, kuma abin da ke ba ni takaici shi ne yadda mutum zai yi ta liƙa sababbin umarni daga wurare daban-daban yana fatan ɗaya ya dace, har dokokin su taru su zama tsibi. Tsaya. Bi fakitin taki-taki kamar mai bin sawu, inda sawun ya ɓace nan matsalar take.

Daga na'urar ciki fara da `ping 192.168.50.1`. In bai amsa ba, maganar NAT ma ba ta taso ba, kebul ne ko adireshi ko katin bai tashi ba. In ya amsa, koma kan rautar kanta ka gwada `ping 1.1.1.1`, ka tabbata ita tana da intanet tukuna, domin wanda ba shi da abu ba zai raba ba. Sai ka dawo na'urar ciki ka gwada wannan 1.1.1.1 ɗin. In lamba tana amsawa amma sunan shafi baya buɗewa, toh NAT ɗinka lafiya lau yake, DNS ne ya rage.

In lambar ma ba ta amsa ba, a nan tcpdump, manhajar kallon fakitocin da ke wucewa ta kati, ke shigowa. Buɗe taga biyu a kan rautar, ɗaya `tcpdump -ni enp2s0 icmp` ɗaya `tcpdump -ni enp1s0 icmp`, sannan ka sake ping ɗin. Abu uku ne za ka iya gani. Ko fakitin bai bayyana a katin ciki ba sam, kenan na'urar ba ta san ƙofar fitarta ba. Ko ya bayyana a ciki amma bai fito a waje ba, kenan ip_forward a kashe yake ko wata doka a FORWARD tana zubar da shi. Ko kuma ya fito a waje amma har yanzu da 192.168.50.20 a goshinsa, kenan dokar MASQUERADE ce ba ta kama shi ba, duba sunan katin.

Akwai wani dare da na zauna a kan wannan na ukun kusan awa biyu. Dokar daidai, sunan kati daidai, na karanta shi harafi-harafi, amma layukan tcpdump suna ta gangarowa da adireshin ciki, sakan bayan sakan. Ashe ping ɗin da na bari yana gudu tun kafin in sa dokar shi ne sanadi. Teburin nat fakitin farko na kowace hira kawai yake gani, sauran duk hukuncin da aka yanke wa na farkon suke bi, kuma tunda ping ɗin bai tsaya ba, kanel na ɗaukarsa tsohuwar hira ce wadda aka riga aka yanke mata hukuncin wucewa ba musanya. Na danna Ctrl+C, na sake bugawa, nan take amsa ta fara zuwa. Tun daga ranar duk sanda na taɓa dokar nat sai na tsayar da gwajin na sake farawa. Wannan dalilin ne ma yasa in ka duba `iptables -t nat -L -v -n` za ka ga ƙidayar fakitin ƙarama ce ko da ana ta sauke manyan fayiloli, ba matsala ba ce.

Ƙarin abu biyu da za ka duba in fakiti ya maƙale a tsakiya: manhajar Docker tana maida manufar FORWARD zuwa DROP idan ta tashi, ufw, katangar tsaro ta Ubuntu, ma haka yake zuwa, saitinsa na cikin /etc/default/ufw. Duka biyun don tsaro suka yi, kai ne za ka buɗe hanyar da kake so a fili.

Jiya yana aiki, na kashe na kunna komai ya tafi.

Eh, duk abin da ka buga a taminal a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake zaune. Rubuta `net.ipv4.ip_forward=1` a wani fayil cikin /etc/sysctl.d/ mai ƙarewa da .conf. Dokokin kuma a Debian da Ubuntu sa iptables-persistent ka buga `netfilter-persistent save`, masu nftables su zuba nasu a /etc/nftables.conf su kunna sabis ɗin. Adireshin katin ciki ma sai ka sa shi a saitin netwok na dindindin. Bayan nan ka yi ristat da gangan ka gwada tun kana kusa da injin.

Wasu shafuka na buɗewa, wasu kuma sai su yi ta juyawa ba sa ƙarasawa.

Wannan alamar MTU ce kusan kullum, wato iyakar girman fakitin da layi ke ɗauka, musamman in layinka PPPoE ne ko VPN. Kebul na yau da kullum yana ɗaukar fakiti mai bayit 1500, PPPoE kuma yana cin 8 ya bar 1492. Na'urar ciki ba ta san da wannan ba, sai ta yi alkawari da sabar can a kan manyan fakitoci, ƙanana su wuce manya su maƙale, kuma in wani a hanya ya toshe saƙon ICMP da ya kamata ya ce a rage girma, shiru kawai za ka ji. Maganin layi ɗaya ne:

`iptables -t mangle -A FORWARD -p tcp --tcp-flags SYN,RST SYN -j TCPMSS --clamp-mss-to-pmtu`

Ina da saba a ciki, ta yaya na waje zai iso gare ta?

Sai ka juya abin, maimakon adireshin mai aikawa, na mai karɓa za a canza, shi ake kira DNAT:

`iptables -t nat -A PREROUTING -i enp1s0 -p tcp --dport 8080 -j DNAT --to-destination 192.168.50.10:80`
`iptables -A FORWARD -p tcp -d 192.168.50.10 --dport 80 -j ACCEPT`

Ka ga a layi na biyu 80 na sa ba 8080 ba, saboda kafin fakitin ya iso FORWARD an riga an canza shi. Kuma ka gwada daga waje na gaske, misali da datar waya, domin in ka gwada daga ciki da adireshin waje yawanci ba zai yi ba sai an ƙara wata doka ta musamman, sai ka zaci aikinka ne ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau.

Amma kafin ka sha wahala duba adireshin katin wajenka. In ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, kamfanin da ke ba ka intanet shi ma NAT yake yi a gabanka, rukunin da RFC 6598 ta ware kenan a 2012. A wannan halin duk dokar da ka sa ba za ta shigo da kowa ba tunda fakitin ba ya ma isowa gare ka. Sai dai ka nemi adireshi na fili daga wajensu, ko ka haƙa rami da WireGuard ko SSH zuwa wata saba mai adireshin fili, ko ka bi ta IPv6 in akwai.

Tunda na waje ba ya ganin na ciki, NAT ya isa tsaro ko?

Bai isa ba, kuma wannan maganar ina so a ji ta da kyau. Gaskiya ne baƙon fakiti daga intanet ba shi da layi a jadawali don haka ba ya samun hanya, amma wannan sakamako ne kawai, ba don tsaro aka gina shi ba. Wanda kuke kan layi ɗaya da shi ta ɓangaren waje zai iya tura fakiti kai tsaye zuwa 192.168.50.20 ta cikin rautarka, kuma in FORWARD a buɗe yake za ta wuce da shi salin-alin. Abin da ke hana wannan shi ne dokar DROP ɗin can ta sama. Sannan ita rautar kanta fa? FORWARD na masu wucewa ne, wanda ya nufo injin kansa ta INPUT yake shiga. In SSH ko DNS na saurare a katin waje, duniya na ganinsu. Rufe INPUT ta ɓangaren waje, bar amsoshi kawai, kuma in daga nesa kake aikin ka yi hattara kar ka kulle kanka a waje.

Ni Windows gare ni, ko BSD.

Windows na da ICS, tsarinta na raba intanet, a saitin katin da ke da intanet za ka kunna rabawa ka zaɓi katin ciki, shi zai ba shi 192.168.137.1 ya raba adireshi da kansa. Yana aiki, sai dai ba ya ba ka iko sosai. A Linux mai NetworkManager ma akwai irinsa, ka sa `ipv4.method shared` ya ba ka 10.42.0.1 ya haɗa komai. Masu BSD kuma pf suke amfani da shi a madadin iptables, in kana son shafin sarrafawa a burauza akwai pfSense da OPNsense, duka a kan FreeBSD aka gina su.

Na'ura nawa zai iya ɗauka?

Ba yawan na'urori ne ke cika shi ba, yawan hirarraki ne. Kowace hira layi ɗaya ce a jadawalin, sa manhajar conntrack ka buga `conntrack -L` ka gani da idonka, kowane layi da adireshi kashi biyu, yadda fakitin ya fita da yadda ake jiran amsarsa. Hirar TCP da ta kafu tana iya zama a ciki har sakan 432000, kwana 5 kenan, in ba a rufe ta yadda ya kamata ba. In jadawalin ya cika za ka ga `nf_conntrack: table full, dropping packet` a dmesg, sababbin hirarraki su fara faɗuwa tsofaffi na tafiya. Sai ka ɗaga `net.netfilter.nf_conntrack_max`, amma ka fara duba wace na'ura ce ke buɗe dubban hirarraki, sau da yawa guda ɗaya ce tak.

IPv6 fa, shi ma sai an yi masa NAT?

A ƙa'ida a'a. Adireshinsa bit 128 ne, ƙarancin da ya haifi NAT babu shi a can, kowace na'ura tana samun nata na fili. Abin da rautarka za ta yi shi ne ta karɓi rukuni daga mai ba ka intanet, ta ba ɓangaren ciki /64, ka kunna `net.ipv6.conf.all.forwarding=1`, dnsmasq ko radvd su sanar da na'urori. Ka lura da kunna wannan saitin Linux yana daina karɓar sanarwar rauta daga sama, sai ka sa `accept_ra=2` a katin waje in da ita yake samun hanyarsa. Kuma dokokin iptables ba sa taɓa IPv6 ko kaɗan, sai ka sake rubuta irin na FORWARD da INPUT ɗin nan da ip6tables, ko ka yi tebur ɗin inet a nftables wanda ke kama duka biyun a wuri ɗaya.